Ko Ka Sani? Tsawon Bindigar Iska Ba Shi Ke Kawo Saiti Ba

Ko ka san cewa a wasannin Olamfik akwai bindigar da ba ta cin albarushi ko ƙwaya ɗaya, kuma abin da ake so maharbi ya samu da ita ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, daga nisan mita 10? Bindigar iska ke nan. Ta shiga Olamfik a gasar Los Angeles ta 1984, ɓangaren maza da na mata, kuma da ita Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya lambar zinariya a Beijin a 2008, ta farko da wani ɗan ƙasar ya taɓa ci shi kaɗai ba a ƙungiyance ba. Harsashinta ɗan guntun dalma ne mai kaurin milimita 4.5, nauyinsa wajen rabin giram, an tsuke shi a ƙugu kamar kalangu. Kan ne mai nauyi, gindin kuwa buɗaɗɗe ne, don iska ta cika shi ta tura.

Mu a kudancin Kaduna ta wata fuskar muka san bindiga. Wanda ya taɓa zuwa Kagoro ranar 1 ga Janairu don bikin Afan ya ga maharba sun fito cikin shigarsu ta daji, kuma daga ƙasar Bajju zuwa ta Atyap da ta Ham ba a rasa gidan da aka gaji farauta kaka da kakanni. Bindigar da idonmu ya saba da ita ita ce ta toka, doguwa mai amo, shi ya sa muke auna kowace bindiga da abu biyu: in ta fi tsawo ta fi kai wa nesa, in ta fi ƙara ta fi ƙarfi. Maharbanmu ba su yi kuskure ba. Baƙin albarushi ba ya cinyewa lokaci guda, yana ci ne yana tura harsashi, saboda haka dogon bututu yana ba shi filin gama aikinsa. Amma wanda ya ɗauki wannan ma'aunin ya je sayen bindigar iska, zai biya kuɗin ƙarfen da ba ya bukata.

Bindigar iska da aka fi gani ita ce mai sifirin. Za ka karya bututunta ƙasa, karyawar ta ja fistin baya ta danne sifirin, ka sa harsashi ɗaya, ka mayar da bututun. Da ka taɓa kunama sai sifirin ya ƙwace, fistin ya runtuma gaba ya matse 'yar iskar da ke gabansa, ita kuma ta bi ta wata ƙaramar kafa ta bugi gindin harsashi. Iskar nan kaɗan ce ƙwarai, kuma nan da nan ƙarfinta ke ƙarewa. A shekarun 1970 wasu masu bincike a Ingila, uba da ɗansa 'yan gidan Cardew, sun auna abin da ke faruwa a cikin bututun, suka gano cewa harsashi yana samun gudunsa ne a farkon tafiyar. Sauran tsawon kuwa bin sa kawai yake yi yana gogar ƙarfe. To me ya sa kamfanoni irin su Weihrauch da Diana na Jamus da BSA na Birmingham suke sa mata bututun da ya haura santimita 40? Dalili na farko na hannu ne: bututun shi ne abin da kake kamawa ka danne sifirin, in ya gajarce sai ka yi gumi kafin ka ɗana ta. Na biyu na ido ne, za mu zo kansa.

Akwai ma abin da dogon bututu ke ragewa a irin wannan bindiga. Fistin na motsawa ne tun harsashi bai fita ba, bindigar ta ja baya, ta kuma zabura gaba sa'ad da fistin ya kai ƙarshe. Duk wannan girgiza tana faruwa harsashi na ciki. Gwargwadon daɗewarsa a ciki, gwargwadon yadda motsin bindigar da rawar hannunka za su shafi inda zai faɗa. Shi ya sa gwanayen mai sifirin ba sa damƙe ta da ƙarfi. Ɗora ta suke yi a tafin hannu su bar ta ta yi motsinta, iri ɗaya a kowane harbi.

Iri na biyu ita ce mai tulu. A ƙarƙashin bututunta akwai silinda da ake ɗura wa iska tun kafin a fara harbi, har matsinta ya kai ma'aunin bar 200 zuwa 300, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce 2 da ɗan wani abu. In ka ja kunama sai wata 'yar guduma ta bugi bawul, ya buɗe na ƙiftawar ido, iska ta fito ta bi bayan harsashi tana faɗaɗa har bakin bindiga. A nan kam tsawo yana da amfani, domin iskar tana da sauran ƙarfi har ƙarshen bututun. Doguwar mai tulu takan fi gajera gudu, ko kuma ta ba ka gudu iri ɗaya da iska kaɗan, ka yi harbi da yawa kafin ka sake ɗuri. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1780 sojojin Ostiriya suka riƙe bindigar iska da Bartolomeo Girandoni ya ƙera, mai ɗaukar harsashi wajen 20, wadda sai an buga famfon hannu kusan sau 1,500 kafin tulunta ya cika. Irinta masu binciken ƙasa Lewis da Clark suka tafi da ita sa'ad da suka ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806.

Sai dai gudu dabam, saiti dabam. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kuma harsashin nan mai tsukakken ƙugu in ya kusanci wannan gudun sai ya fara tangaɗi a sama. Bindigogin Olamfik ba sa wuce wajen mita 170 a daƙiƙa, rabin gudun sauti ke nan, da gangan. Saboda haka in ka ga an rubuta wani babban gudu a jikin kwali don a burge mai saye, ka sani ba a faɗa maka komai game da inda harsashin zai sauka ba.

Abin da ke kawo saiti yana cikin bututun ne, ba a tsawonsa ba. An zana masa siraran layuka masu murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyawa. A yawancin bututu masu kyau an ɗan tsuke ƙarshen, tsukewar da ido ba ya gani, don kowane harsashi ya fita da girma ɗaya. Sannan leɓen bakin kansa dole ya zama daidai ta ko'ina, domin in iska ta riga fita ta gefe guda, za ta ture gindin harsashi a daidai lokacin da ya rabu da ƙarfe. A kan wannan nake roƙon duk mai irin wannan bindiga: kada ka kai ta wurin mai walda a datse maka bututu da zarto don ta yi maka sauƙin ɗauka. Santimita biyar ɗin ƙarshe da za a yar, su ne suka fi duk sauran daraja. Maƙeranmu gwanaye ne, amma gyaran bakin bututu aikin injin gurza ƙarfe ne da ma'auni mai kaifi.

Yanzu ga dalilin ido. Wanda ke harbi ba da madubin hange ba yana daidaita abu biyu ne, kafar baya kusa da idonsa da alamar gaba a bakin bindiga. A ce tsakaninsu santimita 50 ne, idonka ya kuskure da rabin milimita. Kafin harsashi ya kai mita 10 kuskuren ya zama milimita 10, wanda a takardar gasa zai sauko da kai daga maki 10 zuwa wajen 7, domin duka faɗin takardar makin milimita 45.5 ne. In tazarar ta kai santimita 80, kuskuren nan bai fi milimita 6 da ɗigo ba. Masu ƙera bindigogin gasa, irin su Feinwerkbau da Anschütz da Walther da Steyr, sai suka raba gardama: suka sa gajeren bututu don harsashi ya fita da wuri, suka lulluɓe shi da dogon bututun da ba komai a cikinsa don ya kai alamar gaba nesa da ido. Doguwar bindigar da kake gani a talabijin, wani sashe na tsawonta holoƙo ne. Hukumar wasan ta duniya ma sai da ta sa iyaka, milimita 850 daga bayan injin zuwa baki, nauyi kuma kada ya wuce kilo 5.5. Wanda kuwa ya ɗora madubin hange, wannan lissafin bai shafe shi ba sam, gajera ta ishe shi.

Sai batun salansa, wato abin rage ƙarar bindiga. Wanda ya fara sayar da salansar bindiga shi ne Hiram Percy Maxim, Ba'amurke, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1909. Ɗa ne ga Hiram Maxim, maƙerin bindigar nan mai ruwan harsashi da sojojin Lugga suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Kamfanin ɗan daga baya ya koma ƙera salansar injuna, domin aikin ɗaya ne: iska mai matsi in ta fita gaba ɗaya sai ta yi ƙara, in aka bi da ita ta ɗakuna-ɗakuna masu shinge ta faɗaɗa a hankali, sai ta fita a sanyaye. A mai tulu, inda kusan duk ƙarar daga bakin bindiga take, salansa tana aiki sosai, har sai ka fi jin bugun harsashi a jikin allo. A mai sifirin kuwa yawancin abin da kake ji ƙarar sifirin da fistin ce, tana bi ta katako ta shiga ƙashin kuncinka, salansa ba ta da iko da wannan. Maƙwabcinka zai ɗan sami sauƙi, kai ba za ka ji bambanci mai yawa ba. In kuma harsashi ya wuce gudun sauti, tsawar da yake yi a hanya ba salansar da ke hana ta.

Salansa ba ta ƙara ƙarfi, ba ta rage shi yadda za a lura. Abin da take canzawa shi ne nauyin baki. Bututu yana ɗan kaɗawa a kowane harbi, in ka rataya masa ƙarfe a ƙarshe kaɗawar ta sauya, wurin faɗuwar harsashi ma ya sauya, dole ka sake saiti daga farko. Wasu na jin daɗin nauyin don yana kwantar musu da hannu. In an ɗaura ta a karkace kuwa, harsashi zai riƙa shafar shingayen ciki, ka ga harbinka ya warwatse ba ka san dalili ba. Duba kafar fita, in ka ga gurzar dalma a gefe, ga mai laifin nan. A gasar mita 10 ba a amfani da ita ko kaɗan, dokar wasan ta hana sa komai a cikin bututu ko lulluɓinsa. Amfaninta na mai atisaye ne a gida ko a fili kusa da jama'a.

Abu biyu ke ba ni tsoro a yadda muke gyaran kaya a nan. Na farko, ɗiga man inji a ɗakin fistin. Matsin da ke ciki yana ɗaga zafi har mai ya kama da wuta, yadda injin dizal ke tashi ba tare da fulogi ba. Za ka ji ƙara, ka ga hayaƙi, ka ɗauka bindiga ta ƙara ƙarfi, alhali robar fistin ce ke ƙonewa, sifirin kuma na shirin karyewa. Na biyu ya fi muni. Injin mai faci ba zai iya cika tulu ba, ƙarfinsa bai kai ko kusa ba, sai wani ya ce a gwada silindar mai walda. Iskar oksijin ce a ciki, kuma in ta haɗu da maiƙo a irin wannan matsi tulun fashewa yake yi a hannun mutum. Famfon hannu da aka yi don wannan aiki, ko silindar iska irin ta masu nutso a teku, su kaɗai ne hanya. Cikakken tulu kuma ba a barinsa a rufaffiyar mota cikin ranar Maris.

Ina ganin wannan wasa ya dace da mu. Mita 10 kawai yake bukata, da bango mai kauri, da akwatin ƙarfe mai tare dalma don kada yara ko kaji su tsinta. Zauren taron sakandare a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi zai ɗauke shi, kuma da yake a cikin ɗaki ake yi, iskar hunturu da ke saukowa daga duwatsun Kagoro, wadda a fili takan kwashe harsashi mai rabin giram ta kai shi gefe, ba ta da ta cewa. Yarinya da saurayi duk ɗaya ne a gabansa, domin numfashi da natsuwa yake nema.

Amma kafin kowa ya sa kuɗinsa, ya san matsayin doka. A Ingila babba na iya mallakar bindigar iska ba lasisi muddin ƙarfinta bai wuce wajen jul 16 ba, a Jamus iyakar jul 7.5 ce. Nijeriya ba haka take ba. Dokar Makamai ta 1959 ta jera bindigogin iska a rukuni ɗaya da bindigogin farauta na zamani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, yayin da na bindigar toka yake hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Kuma a yankin da ya sha zubar da jini irin namu, baƙar bindiga mai madubi da salansa a bayan mota, jami'in da ke shingen bincike a hanyar Kafanchan zuwa Kagoro ba zai tsaya tambayar ko iska take ci ko albarushi ba. Makaranta ko ƙungiyar da ke son fara wannan wasa, ofishin 'yan sanda za ta fara zuwa da takardunta, a kuma tanadi ma'ajiya mai makulli inda bindigogin za su riƙa kwana.