Kafin a Tafi Kemis, a Fara da Tausa

A Balan da sauran garuruwan Gaya da Ajingi, damina lokacin ciwon jiki ce. Magidanci ya wuni a sunkuye cikin gero da gyaɗa, uwargida ta wuni tsakanin turmi da rijiya, dare ya yi kuma tunanin kuɗin taki ya hana barci. Abin da ya zama ruwan dare yanzu shi ne a biya kemis a ce a haɗa "maganin gajiya", a karɓo ƙwayoyi uku ko huɗu a leda, mai sha bai san sunan ko ɗaya ba. Sau da yawa akwai irin su diclofenac a ciki, wanda yawan shansa ke jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, wasu ma daga nan suke zarcewa zuwa tramadol. Ga gajiyar yau da kullum da damuwar da ke tare da ita, tausa ce ta fi dacewa a fara da ita, kuma akwai hujja a kan haka, ko da yake hujjar tana da iyaka.

Idan hankalin mutum ya tashi, jiki yakan shiga shirin ko-ta-kwana: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure. Matsa jiki a hankali, da ɗan nauyin hannu, yana aika saƙo ta jijiyoyin fata zuwa ƙwaƙwalwa, sai ɓangaren jijiyoyin da ke kula da hutu da narkar da abinci ya karɓi ragama. A 2004 Christopher Moyer da abokan aikinsa a Amurka sun tattara bincike 37 suka auna su tare. Sun gano cewa tausa sau ɗaya tana rage fargaba da bugun zuciya da hawan jini na ɗan lokaci, idan aka daɗe ana yi kuma tana sassauta damuwar da ta zauna wa mutum. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ba da shawarar cewa mai sabon ciwon baya ya fara da gashi da ɗumi ko tausa kafin ya kai hannu ga ƙwaya. Tun 1986 ma Tiffany Field ta Jami'ar Miami ta ruwaito cewa bakwainin da aka riƙa yi wa tausa ta minti 15 sau uku a rana sun fi sauran ƙara nauyi da kashi 47 cikin ɗari, an kuma sallame su kwana shida kafin 'yan uwansu. Ungozomar da ke mulke jariri da man kaɗanya ba ta karanta wannan ba, amma aikin kusan ɗaya ne.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa. Ba a iya yi wa mutum tausa a ɓoye masa, don haka da wuya a rarrabe tsakanin aikin hannu da daɗin da mutum ke ji don an kula da shi. Wasu iƙirarin masu tallar tausa ma sun faɗi: Moyer ɗin nan ya sake dubawa a 2011, ya ga cewa tasirinta a kan sinadarin damuwa, wato kotisol, bai taka kara ya karya ba, kuma binciken Jami'ar McMaster ta Kanada a 2012 ya nuna ba ta fitar da wani "datti" daga tsoka, sai dai ta rage alamun kumburi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan wani ɓangare na sauƙin daga kulawa yake zuwa, to ai kulawar ce mai damuwa ya rasa. Sauƙin kwana ɗaya da ba ya taɓa ƙoda kuma ba ya cin ko sisi ya fi sauƙin kwana ɗaya da ke yin duka biyun.

Akwai masu jin kalmar tausa su tuna da wuraren tausa na otal-otal, inda namiji da mace baƙin juna ke keɓewa, su ce addini da al'ada ba su yarda ba. Ba wannan ake nufi ba. Tausarmu ta cikin gida ce: mata da miji, ɗa ya matsa wa mahaifinsa ƙafa bayan isha'i, jika ta danna wa kakarta baya. Abin takaici, mazan da ke jiran a yi musu sun fi waɗanda ke yi wa matansu yawa nesa ba kusa ba, alhali wadda ta wuni tana surfe ita ma kafaɗa gare ta.

Kasancewar abu na gargajiya ba ya wanke shi. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta ciwon zuciya bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta lokacin jego. Haka tausa take da wuraren da ba ta shiga. Ba a murza karaya ko sabon targaɗe, ba a danna cikin mai juna biyu, ba a matse nonon jariri. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi na iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, murza ta kan tura shi huhu. Mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa don an tausa shi ya ji daɗi. Ciwon jikin da ya zo da zazzaɓi, ko baƙin cikin da ya wuce mako biyu har ya hana ci da barci, a kai mai shi Babban Asibitin Gaya. Ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocinmu kuma su koya wa masu zuwa awo da rigakafi inda ake tausawa da inda ba a taɓawa, tunda hannu da man kaɗanya akwai su a kowane gida.