Arthur Compton: Masanin da ya auna haske, ya kuma jagoranci aikin bam

Duk wanda aka taɓa ɗauka hoton ƙirji ko na karaya a asibiti ya ci gajiyar hasken eksire. Shekaru bayan Wilhelm Röntgen ya gano shi a 1895, masana na ci gaba da muhawara kan ainihin abin da haske yake: taguwa ce irin ta ruwa, ko kuwa ƙananan ƙwayoyi? Cikin waɗanda suka warware wannan ƙulli akwai Arthur Holly Compton, masanin fiziks ɗan ƙasar Amurka.

An haife shi ranar 10 ga Satumban 1892 a garin Wooster na jihar Ohio, a gidan malanta. Ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Princeton a 1916, sannan ya koma Jami'ar Washington da ke St. Louis a 1920.

A can ne ya haska eksire a kan ma'adinin girafait, wanda ake yin bakin fensir da shi. Sai ya lura cewa hasken da ya fallatsa ya yi asarar wani ɓangare na ƙarfinsa, kuma yawan asarar ya danganta da kusurwar da ya karkata. Bayaninsa shi ne cewa ƙwayar haske ce ke karo da elektiron, ta bar masa wani kaso na kuzarinta, kamar yadda ƙwallo ke bugar ƙwallo a teburin sunuka. Sakamakon, wanda ya wallafa a 1923, ya ƙarfafa ra'ayin Albert Einstein cewa haske na tafiya a dunƙule-dunƙule. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel ta 1927, tare da C.T.R. Wilson.

Daga nan, yana Jami'ar Chicago, ya karkata ga tartsatsin da ke zubo wa duniya daga sararin samaniya, wanda Victor Hess ya gano a 1912. Robert Millikan, shi ma mai kyautar Nobel, ya dage cewa tsantsar haske ne. A farkon shekarun 1930 Compton ya shirya ayarin masu awo zuwa sassan duniya, suka tabbatar da cewa tartsatsin ya fi yawa a yankunan da ke nesa da tsakiyar duniya. Tunda maganaɗisun duniya ba ya karkatar da haske, dole ne ƙwayoyi ne masu ɗauke da cajin lantarki. Lokaci ya gaskata Compton.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗora masa wani nauyi daban. Shi ya shugabanci ɗakin binciken Chicago inda, ranar 2 ga Disamban 1942, Enrico Fermi ya tayar da tukunyar nukiliya ta farko a tarihi. A 1945 kuma yana cikin masana huɗu, tare da Fermi da Robert Oppenheimer da Ernest Lawrence, da suka ba gwamnati shawarar amfani da bam ɗin a kan Japan. Hiroshima da Nagasaki suka biyo baya a watan Agusta.

Bayan yaƙin ya koma St. Louis a matsayin shugaban jami'a. Ya rasu ranar 15 ga Maris, 1962, a Berkeley ta jihar Kalifoniya. Har yau ɗaliban fiziks da masu aikin gashin cutar daji na koyon tasirin da ke ɗauke da sunansa.