Shirin Intabiyun Neman Aiki a Kaduna

Intabiyu shi ne matakin da mai ɗaukar aiki ke auna mutum ido da ido. A Kaduna, ko a Sakatariyar Tarayya ta Kawo ne ko a bankunan titin Yakubu Gowon, shiri yakan fara tun jajibiri: a haɗa takardun makaranta na asali da shaidar bautar ƙasa, a binciki aikin ma'aikatar, sannan a yi sammako saboda cunkoson titin Ahmadu Bello.

Kunya ce ke kayar da matasa da yawa. Tarbiyyar gida ta koyar da sunkuyar da kai gaban manya, alhali masu tambaya so suke a dube su cikin ladabi, a faɗi abin da aka iya dalla-dalla, da misali. Maganar albashi kuwa akan bari sai sun tayar da ita.