Yadda Ake Raɗa Wa Sinadarai Masu Zobe Suna

Sinadarai biyu kan zo da adadin atam iri ɗaya, amma su sha bamban a hali da amfani. Cyclopropane da propene kowannensu na ɗauke da kabon 3 da haidurojin 6, wato C3H6. Na farko iska ce da likitoci suka riƙa sa majinyata barci da ita kafin tiyata tun shekarun 1930, har aka daina saboda saurin kama wuta da fashewa. Na biyu kuwa shi ake sarrafawa a samu robar da ake saƙa buhunan shinkafa da na taki.

Bambancin yana cikin jerin atam ɗin. A propene kabon ukun sun miƙe kamar sarƙa, biyu daga cikinsu haɗe da ɗauri mai ninki biyu. A cyclopropane bakin sarƙar ne ya haɗe ya zama zobe mai kusurwa uku, kowace digiri 60, alhali kabon ya fi sakewa a wajen digiri 109.5. Wannan matsi ne ya sa zoben ke saurin ɓallewa. Irin waɗannan tagwaye ana kiransu aisoma, kalmar da masanin Suwidin, Berzelius, ya fito da ita a 1830.

Tunda lissafin atam bai isa shaida ba, suna ne ke raba gardama, kuma ƙa'idarsa na hannun ƙungiyar IUPAC da aka kafa a 1919. Ana ƙirga kabon da ke cikin zoben, a ɗauki sunan sarƙa mai wannan adadi, a sa "cyclo" a gabansa: biyar cyclopentane, shida cyclohexane. In reshe ɗaya ne ya fito daga zoben, ba a bukatar lamba, shi ya sa ake cewa methylcyclopentane kawai, wanda shi ma C6H12 ne kamar cyclohexane, sai dai yana tafasa a kusan digiri 72, ɗan'uwansa kuma a 81.

In rassa sun kai biyu, nan ne ɗalibi mai shirin jarrabawar WAEC ko JAMB ya kamata ya natsu. Ana zagaya zoben ta ɓangaren da zai ba da mafi ƙanƙantar lambobi, sannan a jera rassan bisa haruffa, ethyl kafin methyl. Wanda ya rubuta 1,5-dimethylcyclohexane ya zagaya ta doguwar hanya ne. Sunan da aka amince da shi shi ne 1,3-dimethylcyclohexane.