Turancin da ba a koyarwa a ajin Turanci

A ƙa'ida, ɗan sakandare a Nijeriya malamin Turanci ɗaya gare shi, wanda zai shigo aji ya yi minti 40 ya fita. Amma daga ƙararrawar safe zuwa ta tashi, in ka cire darussan harsuna irin su Hausa da Larabci, duk abin da aka rubuta wa yaron nan a allo da Turanci aka rubuta shi. Littafin Lissafi da Turanci yake, haka na Aikin Gona da na Labarin Ƙasa, har jarrabawar darasin Addinin Musulunci ta WAEC da NECO da Turanci ake amsa ta. In ya zo neman jami'a, JAMB za ta ba shi tambayoyi 180, 60 daga ciki na Turanci ne zalla, sauran 120 kuma sai ya fahimci Turancinsu kafin ya san me ake tambayarsa. Saboda haka idan sakamako ya fito aka ce yaro ya faɗi Fiziks, akwai tambayar da ba mu cika yi ba: Fiziks ɗin ne bai sani ba, ko kuwa jimlar da aka naɗe Fiziks ɗin a ciki ce ta gagare shi?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin malamai ya san amsar da ake bayarwa in an ta da wannan magana. Malamin Kemistiri zai ce, "Ni ba malamin Turanci ba ne." Yana duba takardar yaro yana farautar kalmomi biyu ko uku da yake nema, in ya gan su ya ba da maki, ko da jimlar ba ta da kai ba ta da gindi. Shi kuma malamin Turanci yana can yana fama da wasiƙa zuwa ga kawu da insha'i a kan ranar da ba za a manta da ita ba, bai taɓa buɗe littafin Bayoloji na ajin da yake koyarwa ya ga irin jimlolin da ake jibga wa yaran ba. Kowannensu yana aikinsa tsakani da Allah. Sai dai akwai wani Turanci da ke tsakaninsu, wanda da shi ake cin jarrabawa kuma da shi ake tunani a kan ilimi, kuma babu wanda ya ɗauki nauyin koyar da shi.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekaru uku na farkon firamare, daga aji huɗu a koma Turanci. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, gwamnati ta amince a kai harshen uwa har aji shida. A ƙarshen 2025 minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan. An sha muhawara, kuma ba a gama ba. Abin da bai taɓa sauyawa ba a duk wannan kai-komo shi ne sakandare da Turanci ake yin ta. Yaron da ya tashi a Bichi ko Gumel ko Argungu, Hausa a gida, Hausa a kasuwa, Hausa a filin ƙwallo, ranar da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare ana sa ran ya koyi darussa masu yawa da harshen da bai gama mallaka ba.

Wani masani a Kanada, Jim Cummins, ya fito da wani bambanci a 1979 da ya kamata kowane malami ya riƙe. Ya ce harshen hira daban, harshen karatu daban. A cikin 'ya'yan baƙin da ya yi nazari a kansu, yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kamar shekara biyu, amma kafin ya kamo tsaransa a harshen littafi sai ya ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Waɗannan fa yara ne da ke jin Turanci a titi da shago da talabijin dare da rana. Namu ba su da wannan gata. Shi ya sa za ka ga yarinya tana gaisawa da Turanci lafiya lau, tana ba da labari, malami ya ɗauka ta iya, amma a ba ta sakin layi ɗaya a kan yadda ƙoda ke tace jini sai ta tsaya cik.

A Lissafi abin ya fi ɓoyuwa, domin kowa na ganin lamba ba ruwanta da harshe. Wata malama a Ostareliya, Anne Newman, ta yi wani abu mai sauƙi a 1977. Ta riƙa zama da yaran da suka kuskure lissafin da aka ba su cikin jimla, tana bin su mataki-mataki. Karanta mini tambayar. Me ake so ka nemo? Ta wace hanya za ka nemo shi? To, yi mu gani. Yanzu rubuta amsar. Sai ta tarar da yawan kurakuran tun a matakai uku na farko suke faruwa, kafin yaro ya kai ga tarawa ko rabawa. Wato hannunsa ya iya aikin, bai dai gane aikin da aka sa shi ba. Malamin da bai gano wannan ba zai ta ƙara wa yaro jadawalin sau yana ganin nan ciwon yake.

Akwai wata tambaya da masu bincike a jami'ar Massachusetts ta Amurka suka ba ɗaliban injiniya 'yan shekarar farko, a farkon shekarun 1980. An ce a wata jami'a ɗalibai sun ninka malamai sau shida, a rubuta wannan da alamomin lissafi. In muka sa D a madadin yawan ɗalibai, M a madadin yawan malamai, amsar ita ce D = 6M. Sama da kashi ɗaya bisa uku sun faɗi, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne 6D = M. A jimlar Turancin, shida ce ke fara zuwa, sai ɗalibai, sai malamai, su kuma suka bi jerin kalmomin suka kwafe shi yadda yake. Waɗannan samari ne da aka haifa cikin Turanci, suka kuma ci lissafin da ya kai su karatun injiniya. Ni a ganina wannan misali kaɗai ya isa ya sa malamin Lissafi ya yarda cewa juya jimla zuwa alama darasi ne mai zaman kansa, kuma nasa ne, ba wanda zai koyar masa.

A ɓangaren kimiyya, malamai kan zaci manyan kalmomin nan masu asali daga Girkanci da Latin su ne matsala, shi ya sa ake sa yara su haddace su. Cassels da Johnstone na jami'ar Glasgow sun gwada dubban ɗalibai a Birtaniya, suka wallafa sakamakon a 1985, kuma abin da suka gani shi ne ƙananan kalmomin da malami ke wucewa ta kansu ba tare da bayani ba su ne ke kayar da yara, har wasu kan ɗauki kishiyar ma'anar kalma. Babbar kalma ana tsayawa a fassara ta. Ƙaramar da ke nuna sharaɗi, ko dalili, ko togaciya, ko cewa wani abu na raguwa yayin da wani ke ƙaruwa, ba a kula ta, alhali a kanta ma'anar ta rataya. Ga kuma rahoton gwaji, wanda ake rubutawa da sigar da ba a ambatar mai aiki: an zuba, an ɗumama, an auna. Malamin Turanci yana koyar da wannan siga a matsayin nahawu tsagwaronsa, da misalin yaro da ƙwallo. Da ya jira makon da yaran suka shiga ɗakin gwaje-gwaje ya karɓi abin da suka yi da hannunsu ya mai da shi misali, da nahawun ya zauna, rahoton ma ya gyaru.

Darussan Gwamnati da Tarihi da Tattalin Arziki kuwa kusan rabinsu rubutu ne. Tambayar da ta ce a lissafo ba ɗaya take da wadda ta ce a bayyana ba, haka wadda ta ce a kwatanta ko a tattauna. Rahotannin manyan masu duba jarrabawar WAEC sun daɗe suna kuka da rashin fahimtar tambaya da raunin Turanci a darussan da ba na Turanci ba. Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Yaron da ya shekara shida yana kwafar bayanin darasi daga allo, ana gwada shi da zaɓi ɗaya cikin huɗu, ba a taɓa ce masa ya rubuta jimla biyar daga kansa a kan dalilin da ya sa aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 ba, ta ina zai iya ranar jarrabawa?

Dangantakar ba hanya ɗaya take bi ba, shi ma Turancin yana bukatar sauran. Auna fahimta da taƙaitawa sun dogara ga abin da mai karatu ya riga ya sani. Yaron da malamin Labarin Ƙasa ya yi wa bayanin yadda Tafkin Chadi ya janye daga kusan murabba'in kilomita 25,000 da yake da shi a shekarun 1960 zai karanta rubutu a kan fari da hamada da sauri fiye da wanda bai taɓa jin zancen ba, ko da Turancinsu ɗaya. Manhajar Turanci ta WAEC da kanta ta jero fannonin da ake so ɗalibi ya san kalmominsu, akwai gini da banki da siyasa da sadarwa da kimiyya, kuma duk waɗannan suna nan a littattafan sauran malamai. Haka adabi. Wanda bai san komai a kan mulkin mallaka ba zai karanta Things Fall Apart ya rasa rabin abin da ke ciki, kuma Burning Grass, labarin Fulani makiyaya da Cyprian Ekwensi ya fitar a 1962, yana iya zama darasi a kan yanayi da ƙaurar garke. Shi Ekwensi, haifaffen Minna, aikin gandun daji ya karanta da haɗa magunguna. Chinua Achebe ma, marubucin Things Fall Apart, likitanci ya shiga karantawa a Ibadan a 1948 kafin ya sauya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu ba baƙin wannan tunani ba ne. A makarantar zaure, malami bai taɓa raba Larabci da fiƙihu ba. Almajiri na biya Ahalari ko Risala, malam na bin sa gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa, in an zo kan kalmar da wasalinta na ƙarshe ke sauya hukunci sai a tsaya a warware ta. Ana karanta Ajuruma ne domin a iya shiga tafsiri da hadisi, kuma ba za ka ji malamin tafsiri ya ce shi nahawu ba ruwansa ba. A Ingila sai a 1975 rahoton kwamitin Bullock ya nemi kowace sakandare ta yi tsarin harshe da zai game dukkan darussa, ya ɗora wa kowane malami alhakin harshen fanninsa. Malaman zaurenmu sun daɗe a kan haka.

Gyaran ba ya bukatar sabon gini. A farkon zango, malamin Turanci na kowane aji ya zauna da sauran su dubi tsarin darussan juna, ya zaɓi rubutun auna fahimta daga abin da yaran ke karantawa a makon. Malamin kowane darasi ya ware minti biyar na ƙarshe yara su rufe littafi su rubuta jimla uku a kan abin da suka gane, ya sa mutum biyu ko uku su karanta a gyara tare. Malamin Lissafi ya riƙa yi wa wanda ya kuskure tambayoyin Newman kafin ya ja masa jan biro. Sannan a daina ɓoye Hausa. Kowa ya san malamai da dama na komawa Hausa in bayani ya cije, suna yi kamar masu aikata laifi. A yi shi da tsari: a warware ma'ana da Hausa, yara su yi musu a kai har su gane, sannan a dawo a gina jimlar Turancin tare a allo, kowa ya rubuta tasa. Inda ake kuskure shi ne a tsaya a bayanin Hausa, a bar Turancin ga hadda.

Na san abin da za a ce. Manufar ilimi ta ce ɗalibi 40 a aji, amma ajin da ya haura 100 ba baƙon abu ba ne a biranenmu, wa zai duba rubutun? Kuma wasu malaman su kansu Turancin bai zauna musu ba. Duka biyun gaskiya ne, na biyun ma ya fi nauyi. Maleshiya ta mai da koyar da Lissafi da kimiyya zuwa Turanci a 2003, a 2009 ta yanke shawarar janyewa, kuma raunin Turancin malamai, musamman a karkara, na cikin manyan dalilan. A gwajin da Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida kuma ba su gaza tsaransu ba har a Turancin, an ba da ƙarfi sosai ga horar da malamai, aka kuma damƙa darasin Turanci ga ƙwararru. Wannan ɓangare ne ake yawan mantawa in ana kafa hujja da gwajin. Mai karatun NCE a Bayoloji ko Lissafi yana yin kwasa-kwasan Turanci na bai-ɗaya a kwaleji, abin da yake bukata a kan haka shi ne a zaunar da shi da littafin da zai koyar, a nuna masa jimlolin da za su kayar da ɗan shekara goma sha uku da yadda ake warware su, kuma mai duba shi a lokacin gwajin koyarwa ya ba shi maki a kan wannan kamar yadda yake ba shi a kan tsarin darasi da riƙon aji.