Talla a Titunan Legas: Abin da Ya Kamata Mu Sani

'Yan'uwa, kowace shekara da an gama girbi, matasanmu sukan hau motocin kaya su tafi ci-rani. Da yawa Legas suke nufa, su sauka a Agege ko kasuwar Mile 12, inda ake sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa. Yawancinsu talla ce take riƙe su, don haka ya kamata mu fahimci yadda take tafiya.

Baƙo yakan fara da dako ko tura baro. In ya tara ɗan jari, sai ya sari kwandon albasa ko lemo, ya kasa kashi-kashi ya sayar. Wanda ba shi da jari yakan karɓi kaya bashi wurin ubangida da safe, ya biya da yamma, abin da ya hau kai shi ne ribarsa. Talla ba ta neman takardar makaranta ko kuɗin hayar shago, kuma kullum ana taɓa kuɗi. Shi ya sa take jan mutanen ƙauye.

Amma ciniki dabam, riba dabam. Daga abin da aka samu za a cire abinci, wurin kwana, kuɗin wanka da tikitin kasuwa. Tumatir da bai ƙare yau ba, gobe ya fara ruɓewa, ubangida kuwa kuɗinsa cikakke yake jira.

Akwai kuma doka. Tun 2003 Jihar Legas ta hana ciniki a kan titi. A 2016 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sanar cewa mai saye da mai sayarwa za su iya biyan tarar naira 90,000 ko ɗaurin wata shida. In jami'ai suka kwashe kayan yaro, jarin ya tafi, bashin yana nan. Acaɓa ma ba tabbas, domin a 2022 an hana shi a ƙananan hukumomi da dama na jihar.

To, me za mu yi? Kada iyali ya sayar da irin shuka ko gona don haɗa jarin talla. Mai tafiya ya san wurin wanda zai sauka tun daga gida, ya kuma riƙe katin shaidar ɗan ƙasa. Ya fara da kayan da ba sa lalacewa da wuri, ya nemi gefe a cikin kasuwa maimakon bin motoci a guje. Ya shiga adashi da mutanen da ya sani, ya ware kuɗin taki da na motar dawowa tun watan farko. Yara 'yan makaranta kuwa, kada mu ba kowa su ya kai birni talla.

Mu zauna da matasanmu mu yi wannan lissafi tare kafin su ɗaura kaya, domin su dawo da abin hannu kafin ruwan shuka ya sauka.