Gindi Mai Taya Don Murhun Kyafa Nama

A kudancin ƙasar Amurka, musamman a jihar Texas, gashin naman da ake yi a bayan gida ya fi kusa da banda fiye da gashin tsire, domin ba a ɗora naman a kan garwashi, sai dai a rufe shi cikin murhu, hayaƙin itace mai zafin digiri 107 zuwa 120 a ma'aunin Selsiyos yana ratsa shi, har naman ƙirjin saniya yakan ci awa 12 kafin ya yi laushi. Murhun da zai riƙe zafi tsawon wannan lokaci sai ya yi kauri, kauri kuwa nauyi yake kawowa. Murhun tangaran na Big Green Egg, wanda aka fara sayarwa a Atlanta a 1974, samfurinsa babba ya haura kilo 70, na ƙarfe kuma da ake ƙerawa daga tankin gas yakan ninka haka sau da yawa. Wannan ne ya sa masu irin murhun suke yi masa gindi mai taya, wato firam ɗin da zai zauna a kai, don a kawar da shi daga ruwan sama ko a juya shi idan iska ta sauya.

Abin da ya fi muhimmanci a aikin shi ne faɗin gindin da kusancinsa da ƙasa, domin murhu dogo a kan matsattsen gindi tsakuwa ɗaya ta isa ta kifar da shi. Matsalar ta fi tsanani ga murhun da akwatin wutarsa yake maƙale a gefe guda, tunda nauyinsa ba ya tsakiya, don haka sai tayoyin wannan gefe su matsa zuwa ƙarƙashin akwatin. Masu walda sukan yi firam ɗin da ƙarfe mai kusurwa ko bututu mai kusurwa huɗu, sannan su shafa masa fenti mai jure zafi saboda tsatsa. Ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya abin gudu ne, domin hayaƙinsa lokacin walda yana sa zazzaɓi. Katako ya fi araha da sauƙin aiki, amma sai an bar rata tsakaninsa da ƙasan murhun, ko a sa farantin siminti a tsakani, in ba haka ba zafi ya ƙona shi a hankali.

Wajen zaɓen taya kuma ake yawan yin kuskure. Kowace taya tana da iyakar nauyin da masana'anta suka rubuta mata, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a raba nauyin murhun, har da itace da nama, gida uku maimakon huɗu, saboda a ƙasa marar daidaito taya ɗaya takan kasance a sama. Ƙananan tayoyi sun wadatar a daɓen siminti, amma a ciyawa ko yashi nutsewa suke yi, sai masu faɗin inci 8 zuwa 10. Tayar iska tana da daɗin turawa, sai dai takan sace idan ta daɗe a tsaye, shi ya sa ta roba marar iska ta fi dacewa da murhun da yake yin makonni ba a motsa shi ba. Yawanci ana kafe tayoyi biyu a gefe mai nauyi, a sa biyu masu juyawa kuma masu birki a gefen mariƙin turawa, a ɗaure su duka da noti maimakon walda, don a iya sauya wadda ta lalace ba tare da an yanka firam ɗin ba.